Kwamfuta Ɗaya, Manhaja Biyu: A Duba Lafiyar Faifai Kafin A Zuba Kaya

A ƙarshen daminar da ta wuce wani abu ya same mu a ƙungiyar adashinmu, wanda har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Ni ne magatakarda, kuma duk lissafin zubi da kwasa na mutum sama da 40, yawancinsu iyayenmu mata 'yan kasuwa, yana cikin wata tsohuwar kwamfuta ta kan tebur da muka saya ta hannu shekarun baya. Sai ɗan yayata, wanda ke karatun na'ura mai ƙwaƙwalwa, ya zo hutu ya ce mini, "Kawu, bari in sa maka Linux a gefen Windows ɗin nan, ka riƙa shiga wanda ka ga dama." Na ce masa bismillah. Cikin yini guda ya gama, muka kunna, wannan ya tashi, wancan ma ya tashi, muka yi murna, ya koma makaranta.

Bayan mako uku ina tsakiyar shigar da zubin ranar sai aka ɗauke wuta. Da ta dawo, na kunna, ma'ajin da lissafinmu yake ciki ya ƙi buɗuwa. Abin da ya cece mu shi ne tsohon littafin da nake rubutawa da hannu, amma shi ma na yi wata biyu ban taɓa shi ba. Haka na yi ta bin rumfa-rumfa ina tambayar kowace uwa nawa ta zuba, ina jin kunya kamar in nutse. Mai gyaran da na kai wa na'urar ya gaya mini cewa faifan ya daɗe da ciwo tun kafin a raba shi, kuma da mun ɗauki minti 10 mun tambaye shi lafiyarsa, da ya faɗa mana da bakinsa.

To, 'yan'uwa, Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Abin da nake so mu fahimta a wannan wata shi ne, tashin manhajoji biyu ba shi ne shaidar cewa aiki ya kammala ba. Sai an duba faifan kansa, an duba iyakokin da aka yanka, an kuma duba cikin kowane sashe.

DALILIN DA YA SA ABIN YA SHAFE MU

Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 yadda ya saba tun ranar 14 ga Oktoba, 2025. Shi kuwa Windows 11, wanda ya fito a 2021, yana da sharuɗɗan da tsofaffin na'urori da yawa ba su cika ba, musamman wani ɗan ƙarfen tsaro da ake kira TPM 2.0. Kowa ya san irin kwamfutocin da ke hannunmu a zanguna, daga Nima da Mamobi a Ankara har Aboabo a Kumasi: akasarinsu kwance ne, sun yi aiki a ofisoshin Turai da Amurka kafin su iso nan Gana. Saboda haka samarinmu da yawa suka koma ga Linux, wanda wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan mai suna Linus Torvalds ya fara a 1991, kuma kyauta ake samunsa. Wanda ya fi yaɗuwa a cikin ire-irensa shi ne Ubuntu, da ya fito a 2004 a ƙarƙashin jagorancin Mark Shuttleworth, mutumin Afirka ta Kudu. Amma da yake akwai ayyukan da har yanzu sai da Windows, sai mutane suka zaɓi su zauna da duka biyun a faifai ɗaya.

Ga tsohon faifai, ga kuma halin wutar lantarkinmu. Ba mu manta da dumsor ba, wadda ta gallabe mu daga 2012 zuwa 2016. Waɗannan abubuwa biyu su ne suka sa binciken da zan bayyana ya zama mana dole.

YADDA AKE RABA FAIFAI

Mai karatu, ka ɗauki faifai tamkar gidan gado da wa da ƙane suka raba. Kowa da sashensa, amma zaure ɗaya ne, kuma akwai takarda da ta nuna inda iyakar kowa ta fara da inda ta ƙare. A kwamfutocin da aka ƙera daga wajejen 2012 zuwa yau, zauren nan wani ɗan ƙaramin sashe ne da ake kira EFI, wanda sau da yawa bai wuce megabait 100 zuwa 260 ba. A cikinsa ne kowace manhaja take ajiye abin da zai tashe ta. A nan ne kuma GRUB yake zaune, wato wannan jerin da ke fitowa da zarar ka kunna yana tambayarka wanne za ka shiga.

Takardar iyaka iri biyu ce. Tsohuwar ita ce MBR, wadda aka fara aiki da ita a 1983. Manyan sassa 4 kawai take ɗauka, ba ta iya riƙe faifan da ya wuce terabait 2, kuma kwafi ɗaya tak gare ta a farkon faifai. Sabuwar ita ce GPT, wadda ke ɗaukar sassa 128, tana kuma da kwafi na biyu a can ƙarshen faifai, domin in na farko ya lalace a koma ga na biyu.

Bayan haka kowane ɗan gida da irin yadda yake jera kayansa. Windows yana amfani da tsarin NTFS tun 1993, Linux kuma galibi da ext4 wanda ya kankama a 2008. Linux yana iya karanta na Windows, amma Windows bai san na Linux ba. Wannan bambanci shi ne tushen rigingimu da yawa, kamar yadda za mu gani.

KAFIN KOME, A KWASHE ABIN DA KE DA DARAJA

Kada ka fara wani bincike ko gyara sai ka kwafe takardunka da hotunanka da lissafinka zuwa wani faifai na waje ko filash, ka kuma buɗe biyu ko uku daga cikinsu a can ka tabbata suna buɗuwa. Ajiye kwafi a wani sashe na faifan nan guda ba ajiya ba ce, domin in gobara ta kama gida ba ta tambayar sashen wa ko na ƙane.

Haka kuma, sababbin Windows sukan kulle faifai da makullin BitLocker, wani lokaci ma ba tare da mai na'ura ya lura ba. In aka taɓa tsarin tashi, yana iya tsayawa ya ce sai ka ba shi lambar ceto mai alƙaluma 48. Buɗe tagar umarni ta Windows da ikon mai gida, ka rubuta manage-bde -status domin ka ga ko a kulle yake. In a kulle ne, nemo lambar a asusunka na Microsoft ka rubuta ta a takarda ka adana.

MATAKI NA FARKO: TAMBAYI FAIFAN KANSA

Kusan kowane faifai yana riƙe da tarihin lafiyarsa a cikinsa, ta wata hanya da ake kira SMART. A Ubuntu, ka sa manhajar smartmontools, sa'an nan a tagar umarni ka rubuta lsblk -f domin ka ga sunan faifanka da sassansa. Yawanci za ka ga sda, ko kuma nvme0n1 in sabon samfuri ne. Daga nan sai ka rubuta sudo smartctl -a /dev/sda, ka sauya sunan in naka dabam ne. Wanda ya fi sabawa da Windows yana iya amfani da CrystalDiskInfo, ita ma kyauta ce, kuma labari ɗaya za su ba ka.

Jerin zai fito da tsawo, amma kada ka firgita, layuka kaɗan ne suka dame ka. Layi mai lamba 5 yana ƙirga guraben da suka lalace har faifai ya maye su da na ajiya. Mai lamba 197 yana ƙirga waɗanda ya kasa karantawa yana jiran ya ga yadda za a yi da su. Mai lamba 198 kuwa na waɗanda suka gagara gyaruwa ne. A lafiyayyen faifai, adadin da ke can ƙarshen waɗannan layuka uku sifiri ne. Layi na 9 yana gaya maka awa nawa faifan ya yi yana aiki. Shekara guda awa 8,760 ce, saboda haka in ka ga 35,000, to ya yi kamar shekara 4 cur bai huta ba, ko da mai sayarwa ya rantse maka cewa sabo ne. Layi na 194 na zafi ne. In ka ga yana yawan haura digiri 50, a buɗe na'urar a kakkaɓe ƙura, musamman bayan hunturu. Faifan zamani na NVMe, wanda babu abin da ke juyawa a cikinsa, shi kashi cikin ɗari yake nunawa na ƙarfinsa da ya riga ya ƙare.

Me ya sa aka damu da waɗannan lambobi? A 2007 injiniyoyin kamfanin Google sun fitar da sakamakon nazarin da suka yi a kan faya-fayai sama da 100,000. Sun gano cewa faifan da ya fara maye gurbi ko da sau ɗaya, haɗarin mutuwarsa cikin kwana 60 ya ninka na lafiyayye fiye da sau 14. Amma sun kuma gano cewa kashi 36 cikin ɗari na waɗanda suka mutu ba su nuna wata alama ba ko kaɗan. Wato in SMART ya ce akwai ciwo, ka yarda da shi. In ya ce lafiya lau, kada ka saki jiki ka daina kwafe kayanka.

Kana kuma iya sa faifan ya gwada kansa. Umarnin sudo smartctl -t short /dev/sda yana ɗaukar kamar minti 2, in kuma ka sa long a madadin short zai bi faifan kaf, abin da kan ci awa ɗaya ko fiye. To, in ka tarar da ciwo a wannan mataki, tsaya nan. Kada ka ci gaba da sauran gyare-gyare, domin suna wahalar da faifai, kuma suna iya ƙarasa wanda ke gargara. Kwashe kayanka ka nemi wani faifan.

MATAKI NA BIYU: DUBA IYAKOKI

In faifai ya tsallake, sai a duba takardar iyaka. Rubuta sudo parted -l a Linux. Zai gaya maka ko GPT ce ko tsohuwar, wadda yake kira msdos, ya kuma jero sassa da girman kowanne. Abin da ya kamata ka gani shi ne zauren EFI, da wani ɗan mitsitsin sashe na megabait 16 da Windows ke keɓe wa kansa, da babban sashen Windows, da sashen ceto nasa, sa'an nan na Linux. Haɗa girmansu ka ga ko ya yi kusa da girman faifan. In GPT ce, umarnin sudo sgdisk -v /dev/sda zai gwada kwafin farko da na ƙarshe, ya kuma faɗa in wani sashe ya shiga gonar wani.

Ina ba da shawara ka ɗauki hoton wannan jeri da wayarka, ko ka kwafe lambobin da sudo fdisk -l ya nuna a littafi. Ranar da takardar iyaka ta ɓace, wanda ya san inda kowane sashe ya fara ya fi sauƙin maido da kayansa, ko da hannu ko da manhajar TestDisk da aka yi musamman domin wannan aiki.

Ga kuma wani gargaɗi mai muhimmanci. In ka shiga Windows ka buɗe diskmgmt.msc, za ka ga sashen Linux babu suna, babu harafi, kamar kango. Wani lokaci ma Windows yakan tambaye ka ko a share shi a shirya shi domin amfani. Kul, kada ka amsa! Ba kango ba ne, gidan ƙanensa ne da bai iya karanta rubutun ƙofarsa ba.

MATAKI NA UKU: A HANA WINDOWS BARCIN ZOMO

Tun daga Windows 8, a 2012, in ka ce wa na'ura ta mutu, ba ta mutuwa gaba ɗaya. Windows yakan naɗe halin da yake ciki ya ajiye a faifai domin ya tashi da sauri gobe. Ga mai manhaja ɗaya wannan ba laifi ba ne. Amma ga mai biyu, ma'anarsa ita ce Windows ya tafi ya bar sassansa a buɗe, yana zaton zai dawo ya tarar da kome yadda ya bari. In Linux ya shiga ya ajiye wani abu a can, sai Windows ya farka ya ci gaba da tsohon lissafinsa, a nan ne fayiloli ke ɓacewa ko su cakuɗe. Shi ya sa sau da yawa Linux yakan ƙi rubutu a sashen Windows, ya bar ka da karatu kawai. Ba taurin kai yake yi ba, kare ka yake yi, saboda haka kada ka tilasta masa.

Maganin abin mai sauƙi ne. A tagar umarni ta Windows, da ikon mai gida, rubuta powercfg /h off. Wannan zai kashe tashin gaggawa da dogon barci baki ɗaya. Daga ranar, in ka kashe na'ura ta mutu da gaske.

MATAKI NA HUƊU: KOWA YA SHARE ƊAKINSA

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sashen Windows, Windows ne zai duba shi, na Linux kuma Linux. Wannan bincike ya zama wajibi ne domin kafin a sama wa Linux wuri sai da aka matse sashen Windows, wani lokaci har da ɗaga kaya daga nan zuwa can.

A Windows, rubuta chkdsk C: /scan. Zai duba ba tare da ya hana ka aiki ba. In ya ce ya ga matsala, sai ka rubuta chkdsk C: /f, ka amsa masa cewa ya yi aikin a tashi na gaba, ka sake kunna na'urar, kada kuma ka kashe ta yana tsakiyar aiki. Akwai wani umarni a Linux mai suna ntfsfix da samari ke son amfani da shi. A sani cewa ƙananan gyare-gyare kawai yake yi, sa'an nan ya bar wa Windows saƙo ya duba da kansa. Ba ya maye gurbin chkdsk.

A ɓangaren Linux, mai binciken shi ne fsck, kuma yana da doka ɗaya da ba a karyawa: ba a gyara sashen da ake cikin amfani da shi. Wanda ya yi haka yana iya lalata abin da lafiyarsa ƙalau. Saboda haka ka tashi na'urar daga filash ɗin da aka sa Ubuntu da shi, ka zaɓi gwaji ba girkawa ba, ka tabbatar da sunan sashen da lsblk -f. In alal misali sda5 ne, rubuta sudo fsck -fn /dev/sda5, wanda zai duba kawai ba zai taɓa kome ba. In ya kawo ƙorafi, sai ka maimaita da -f kaɗai domin ya gyara. Guntayen da ya tsinto yakan zuba su a ma'ajin lost+found, shi kuma Windows a found.000, saboda haka a leƙa can kafin a fid da rai.

Bugu da ƙari, NTFS da ext4 duka suna da ɗan littafin da suke rubuta abin da za su yi kafin su yi shi, domin in wuta ta ɗauke su san inda suka tsaya. Wannan yana kare tsarin ɗakin, amma ba lalle ya ceci takardar da kake cikin rubutawa ba. Tsarin exFAT, wanda wasu ke zaɓa domin sashen da manhajojin biyu za su yi tarayya a kai, ba shi da wannan littafi. Mai kwamfutar tebur a ƙasarmu gara ya zaɓi NTFS domin sashen tarayya, kuma in da hali ya sayi ɗan batirin ko-ta-kwana da ake kira UPS, wanda zai ba shi 'yan mintoci ya kashe na'ura cikin natsuwa.

ABUBUWAN DA KE KAMA DA CIWO AMMA BA CIWO BA

Wata rana kana iya kunnawa ka ga GRUB ya ɓace, na'ura ta zarce Windows kai tsaye. Kada ka ɗora hannu a ka, kayanka na nan. Sau da yawa jerin wanda zai fara tashi ne ya sauya, kuma ana maido da shi daga saitin na'ura, ko da umarnin efibootmgr. A watan Agusta na 2024 ma wani sabuntawar tsaro na Windows ya hana Linux tashi a kwamfutoci masu manhaja biyu a ƙasashe da dama, alhali faya-fayansu lafiya lau, kuma daga baya aka warware matsalar. Abin da ya kamata ka riƙa dubawa a zaure shi ne kada ya cika, da umarnin df -h /boot/efi.

Sai batun agogo. Linux yana ɗaukar agogon cikin na'ura a matsayin lokacin GMT, Windows kuma a matsayin lokacin gari. Mu a Gana wannan bai dame mu ba tun da lokacinmu shi ne GMT. Amma ɗan'uwan da ya tafi da na'urarsa Kano ko Yamai ya sauya lokaci, zai riƙa ganin bambancin awa guda duk sa'ad da ya fita daga wannan ya shiga wancan. Saiti ne kawai, ba faifai ba ne.

Alamun da ke buƙatar gaggawa su ne ƙarar ƙas-ƙas daga cikin na'ura, da daskarewa duk lokacin da aka buɗe wani fayil, da Linux ya wayi gari ya ƙi rubutu a sashensa na kansa. Wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan ya koma mataki na farko nan take.

A TAƘAICE

Duk wannan bincike, in ban da dogon gwaji, bai fi aikin awa guda ba. A yi shi a ranar da aka raba faifai, kafin a zuba kaya. Bayan haka a riƙa leƙa lambobin SMART sau ɗaya a wata, a kuma duba sassa duk lokacin da wuta ta ɗauke na'ura tana aiki. Wanda bai saba da tagar umarni ba, ya yanke wannan shafi ya kai wa wanda ya yi masa aikin, ya ce a yi a gabansa ya ga sakamako da idonsa. Haka kuma mai sayen kwamfuta ta hannu ya nemi a nuna masa layi na 5 da na 9 da na 197 kafin ya ƙirga kuɗi.

Mu dai a ƙungiyarmu mun sayi sabon faifai, ɗan yayata ya sake raba shi, muka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya. Duk ranar Lahadi ina kwafe lissafi a filash biyu, ɗaya a wurina, ɗaya a wurin ma'aji, littafin hannu kuma ya dawo kan tebur. Rigakafi ya fi magani. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.